Kira ga Hukuma: Sin da Biyetnam Sun San Katakon da Suke Saye, Mu Ma a Ƙirga Mana Namu

Zuwa ga Masu Girma Ministocin Muhalli da na Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Mai Girma Kwanturola-Janar na Hukumar Kwastam. Mai Girma Shugaban Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Masu Girma Gwamnonin Taraba, Adamawa, Kaduna da Kano. Da iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku.

Ina neman izini in shigar da koke a gabanku, jama'a kuma suna ji. Ni ɗan kafinta ne, cikin dusar katako na yi rarrafe, kuma shekaru masu yawa ke nan ina riƙe wa wasu iyayen gidana littafin shiga da fita a kasuwar 'yan katako a Kano. Riƙon littafi ya koya mini cewa rumfar da ba ta san abin da ya shigo mata ba ta riga ta fara karyewa, ko da kaya sun tokare rufi. Da wannan idon na duba yadda ƙasashe biyu, Sin da Biyetnam, suka yi ta sayen tsagaggen katako mai tauri daga waje cikin shekara kusan 25, sannan na waiwayo gida. Abin da na gani ne ya kawo ni ƙofarku.

A yi mini afuwa in fayyace kalma ɗaya tukuna, domin ta taɓa ruɗa ni. A bakin 'yan kasuwar duniya, katako mai tauri shi ne na itace mai faffaɗan ganye, mai laushi kuma na itatuwan ƙasashen sanyi ne masu ganye kamar allura. Ke nan maɗaci da iroko da kawo masu tauri ne, haka ma obeche, wanda farce ke shiga jikinsa. Ma'auninsu kuwa kubik mita ne, kuma kubik mita ɗaya ya ɗan haura tu-bai-fo 50 masu tsawon ƙafa 12, in an yanka su cif.

A daminar 1998 kogin Yangtze ya yi ambaliyar da ta ci rai sama da 3,000. Hukumomin Sin suka ɗora wani kaso na laifin a kan saran dajin da ke saman kogin, suka fara rufe dazuzzuka. Amma da suka rufe ƙofa ɗaya sai suka buɗe wata. A 1999 suka cire harajin shigowa daga kan gumagumai da tsagaggen katako, a ƙarshen 2001 suka shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, masana'antun kujeru da gadaje suka yi ta tsirowa a lardin Guangdong da sauran lardunan bakin teku. Zuwa 2017, shekarar da aka kammala hana saran kasuwanci a dukan dazuzzukan ƙasar na asali, tsagaggen katako mai tauri da ke shiga Sin a shekara ya haura kubik mita miliyan 10, babu ƙasar da ta kama ƙafarta. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sama da miliyan 4 daga ciki daga Tailan ya zo, kuma katakon itacen roba ne, wato tsofaffin itatuwan gona da suka gama ba da ƙaro, waɗanda a da wuta ake sa musu. Amurka ma a wannan shekarar ta sayar wa Sin tsagaggen katako mai tauri na kimanin dala biliyan 1.5.

Biyetnam a baya ta biyo, kuma ba ta taɓa kusantar Sin a yawa ba. Duk tsagaggen katakon da take shigowa da shi a shekarun nan, mai tauri da mai laushi, tsakanin kubik mita miliyan 2 ne da 3. Sai dai manufar sayen ta bambanta. Sin tana da ɗimbin jama'a masu sababbin gidaje da ke lashe kaso mai yawa na abin da ta saya, Biyetnam kuwa saye take don ta sarrafa ta sayar a waje. Yarjejeniyar cinikinta da Amurka ta fara aiki a Disamban 2001. A 2005 Amurka ta ɗora haraji mai nauyi a kan kayan ɗakin kwana na katako da ke fitowa daga Sin, masana'antu da dama suka naɗe tabarma suka koma Binh Duong da Dong Nai a kudancin Biyetnam. Da rikicin haraji ya ɓarke tsakanin Amurka da Sin a 2018, Sin ta rama da ɗora wa katakon Amurka haraji, wanda a 2019 ya kai kashi 25 cikin 100 a kan wasu nau'o'i. Sayen Sin ya ja baya daga ƙololuwar da ya kai, daga bisani harkar gine-ginenta ma ta yi sanyi, ita kuwa Biyetnam ta ƙara zama abar so a wurin masu injin tsaga na Amurka. A shekarar 2000 kayan katakon da Biyetnam ta sayar a waje ba su kai rabin dala biliyan ɗaya ba. A 2022 sun kai kusan biliyan 16, fiye da rabi kuma Amurka ce ta saya, wani har da itacen da ya fito daga dajinta.

Ranku ya daɗe, Shugaban Hukumar Ƙididdiga, na iya kawo waɗannan alƙaluma ina zaune a kan benci a Kano ne domin waɗancan ƙasashe suna rubutawa, hukumomi irin su FAO da ke Rum da ITTO da ke Yokohama kuma suna tattarawa. Ɗan kasuwarmu da ya buɗe rahoton cinikin waje da hukumarku ke fitarwa duk wata uku zai ga darajar kaya da naira, amma katako yakan nutse cikin manyan rukunai, ba zai ga jere guda da ke cewa ga kubik mita kaza na iri kaza daga ƙasa kaza ba. Lissafi da naira kuwa tun faɗuwar darajarta a 2023 ya zama mai yaudara: kuɗi na iya ninkawa alhali kayan sun ragu. Ba sabon aiki muke roƙo ba. Tsarin lambobin kaya na duniya ya riga ya ba tsagaggen katako lamba 4407, ya ba gungume 4403, kuma da su jami'an kwastam ke shigar da kaya. Muna roƙon a riƙa ware waɗannan lambobi biyu a shafi guda duk wata uku, da yawa, da iri, da ƙasar da kaya suka fito ko suka nufa, da tashar da suka bi, a raba mai tauri da mai laushi. A haɗa da abin da ke ratsa iyakokin tudu, domin duk wanda ke kasuwar nan ya san katako yana shigowa ta gefen Kamaru, yana kuma fita zuwa Maradi da Damagaram. Shafi ɗaya ne, kuma in kun ba da umarni za a yi.

Mai Girma Kwanturola-Janar, lissafin ma ba zai yi amfani ba in ba a tsayar da ma'anar tsagagge ba. Tun 1976 Nijeriya ta hana fitar da gungume, amma a shekarun da ake rububin madobiya na ratsa ta Garba Chede a Taraba, na ga abin da ido ba ya mantawa. Gumagumai ne jibge a bakin titi iya ganinka, samari da injin hannu suna saɓe wa kowanne gefe huɗu har ya yi kusurwa, ɓawon da farin jikin suna zube a ƙasa, jan cikin yana sheƙi kamar an shafa masa manja. Madrid suke kiransa a can. Da an yi masa wannan aski shi ke nan, a takarda ya tashi daga gungume ya koma sarrafaffe, sai tirela, sai kwantena a Legas. Babu falanki ko ɗaya da aka fitar, babu kafintan da ya samu aiki. Roƙonmu shi ne a rubuta ma'auni bayyananne, na kauri da faɗi, wanda ƙaramin jami'i zai iya aunawa da tef a bakin kwantena, abin da ya wuce shi gungume ne komai askinsa. Sannan a ƙarshen kowace shekara a ɗauki abin da littafinmu ya ce ya fita zuwa Sin da Biyetnam, a ajiye kusa da abin da nasu littafin ya ce ya shigo daga Nijeriya. Mu a kasuwa haka muke kama yaron shago: rasit ɗin mai saye da littafin mai sayarwa. Inda suka saɓa, nan za a tona.

Mai Girma Ministan Muhalli, madobiya ba ta ƙare a ɓoye ba, alamun suna rubuce a littattafan masu saye shekaru kafin gatari ya iso mana. Sinawa suna da wani rukuni na jajayen katakai masu daraja da suke kira hongmu, da su ake sassaƙa kujeru irin na sarakunansu na da, kuma madobiya tana cikin jerin. Da irinsu suka yi ƙaranci a kudu maso gabashin Asiya, masu saye suka juyo Afirka ta Yamma, suna gamawa da wannan ƙasa su tsallaka waccan, har cikin 'yan shekaru Nijeriya ta zama kan gaba wajen tura madobiya Sin. Biyetnam ma haka: da Lawos ta hana fitar da gumagumai da ɗanyen tsagagge a watan Mayun 2016, masu sassaƙa na ƙauyuka irin su Dong Ky suka ƙara dogara ga Afirka, musamman Kamaru. An sa madobiya a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, daga Janairun 2017, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya, amma a lokacin ɓarna ta riga ta yi nisa. Makiyayi ya fi kowa sanin asarar, domin ganyen madobiya ne yake saro wa shanunsa idan rani ya tsananta. A taron CITES na Panama a Nuwamban 2022 an ƙara kawo da maɗaci na Afirka a wannan jeri, kuma ba a sa itace a can sai an ga ido ya koma kansa. Muna roƙon ma'aikatarku ta ajiye ko da jami'i biyu ne waɗanda aikinsu kawai shi ne karanta alƙaluman shigowar katako na Sin da Biyetnam wata-wata, su ga wane iri ne farashinsa ke hawa, daga wace maƙwabciya yake ƙaruwa, su sanar da jihohi tun da wuri. Kuma kada takardar izini ta fita a kan kawo ko maɗaci ko wani iri sai an shiga daji an ƙirga abin da ya rage, an buga sakamakon kowa ya gani. Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan tana da masanan, abin da suke jira shi ne kuɗin aiki da umarni.

Mai Girma Ministan Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, ga maganar da na san ba kowa ne zai so jinta ba. Mun saba ɗaukar shigo da kaya a matsayin abin kunya, kuma a kan wasu kayan haka ne. Amma Sin da Biyetnam ba su ji kunyar sayen tsagaggen katako ba, domin sun ɗauke shi kayan aiki, kamar yadda masaƙa ke ɗaukar auduga. Mu kuwa akwai lokacin da mu ne masu sayarwa. Kamfanin katako da filawud na Sapele ya taɓa zama abin nuni a Afirka, har akwai katakon da duniya ke kira da sunan garin, sai ga shi yau Kamaru da Kwango ne ke sayar da shi. Dajin kudu ya yi ƙasa, jama'a sun ƙaru, kowane sabon gida yana neman rufi da ƙofa da kayan ɗaki. Muna gani a rumfa: falankin da mahaifina yake kira wan-bai-tuwelf, faɗinsa inci 12 cif, yanzu sai an tona kafin a samu, domin itatuwan da ake sarewa ba su kai girman da za su ba da shi ba. Daga 2015 zuwa Oktoban 2023 Babban Banki ya hana dala a hukumance ga jerin kaya da suka haɗa da filawud da allunan katako da ƙofofi da kujeru, da nufin a yi a gida. Manufa ce mai kyau, amma wanda aka ce ya yi a gida da me zai yi? Muna roƙon a bambanta tsakanin kayan aiki da gamammen kaya: a sauƙaƙa haraji da takardu a kan tsagaggen katako busasshe, a bar nauyin a kan gado da kujerar da aka gama a waje. A keɓe tashoshi sanannu, kamar Mfum da ke kan sabuwar gadar da ta haɗa mu da Ekok a Kamaru, inda ɗan kasuwa zai shigo da kayansa da rana tsaka da takarda a hannu. Gabon ma, tun da ta hana fitar da gungume a 2010 ta tara masana'antun tsaga a Nkok, masu saye take nema, kuma yarjejeniyar ciniki ta Afirka da aka fara ciniki a ƙarƙashinta a 2021 don irin wannan aka yi ta. Mai cewa dala za ta fita yana da gaskiya, sai dai tana fita tun yanzu a kan allunan MDF da kujerun da ke zuwa a kwali, babu kuma ladan aikin da ke saura a hannun kafintanmu.

Amma in za a buɗe wannan ƙofa, a tsaya a bakinta, kuma a nan Biyetnam gargaɗi ce gare mu. Shekaru an yi ta zarginta da karɓar katakon da aka sare ba bisa ƙa'ida ba a Kambodiya da Lawos, har a Oktoban 2020 Amurka ta buɗe bincike a kan katakonta, abin da ya kusa jefa babbar kasuwarta cikin haɗari kafin a sasanta bayan shekara guda. Dole ta kafa tsarin tantance asalin kaya, kamar yadda yarjejeniyarta da Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2019, ta tanada. Sin ma ta gyara dokar dajinta, daga Yulin 2020 an hana saye ko sarrafa katakon da aka san na sata ne. Mu da muka ɗanɗana yadda ake kwashe daji ba zai kyautu mu zama kasuwar ɓarayin dajin maƙwabta ba. Muna roƙon duk lodin da zai shigo ya zo da shaidar hukumar dajin ƙasar da ya fito, a kuma sa lambar shaidar a cikin wancan shafi da muka roƙa.

Masu Girma Gwamnoni, daji a tsarin mulkinmu a hannun jihohi yake, hanya kuma ta cikin jihohinku take bi. Na taɓa rako lodi daga kudu zuwa Kano, na riƙe ƙaramin littafi ina rubuta duk inda aka tsayar da mu. Kafin mu iso shafi ya cika na juya baya. Wani wurin rasit ake bayarwa, wani wurin sanda mai ƙusa ce kawai a gicciye, kuma babu wanda ya ɗaga tamfol ya duba ko wane itace muka ɗauko. Duk wannan kuɗin a kan mai gini yake ƙarewa, kuma mai kayan halal da mai na sata kuɗi ɗaya suke biya, to me zai sa wani ya wahala neman izini? Muna roƙon ku zauna a matakin gwamnoni ku amince da takarda guda, a biya sau ɗaya a jihar da aka yi lodi, sauran jihohi su duba su sa hatimi, a raba kuɗin yadda kuka ga ya dace.

Akwai kuma wani bambanci tsakaninmu da waɗancan ƙasashe wanda ba ya fitowa a alƙaluma, sai dai a ɗakin amarya. Katakon da masana'antun Binh Duong ke saye daga Amurka busasshe ne, an gasa shi a ɗakin busarwa har ruwan jikinsa ya sauko kusan kashi 10 cikin 100 ko ƙasa da haka, an kuma rarraba shi daraja-daraja kafin ya shiga kwantena. Namu kuwa daga daji sai tirela, wani in ka kafa masa ƙusa har ruwa yake fitarwa. Ina yaro mahaifina ya yi wa wata amarya wadurob a ƙarshen damina, aiki mai kyau, ƙofofi suna haɗuwa ko takarda ba ta wucewa. Hunturu na shigowa katakon ya tsuke, ƙofa ɗaya ta karkace, tsakaninsu ya buɗe har yatsa na shiga. Uwar amarya ta zo har shago da mayafinta a kafaɗa ta ce, "Malam, ashe haka za ka yi mana? Mun ba ka amana." Bai ce komai ba, ya ɗauki kayan aikinsa ya bi ta, ya gyara kyauta. Da ya dawo ne ya ce mini, "Ɗana, ba hannuna ba ne, itacen ne bai gama shan iska ba." Itace yana fara tsukewa ne idan ruwansa ya sauko ƙasa da kusan kashi 30, iskar Kano ta hunturu kuwa ba ta barin komai da laima. Irin wannan ne ya kori iyayen amare zuwa ga MDF, wanda shi kuma ruwa na taɓa shi ya kumbura. Masu Girma Ministoci da Mai Girma Gwamnan Kano, muna roƙon a taimaka wa ƙungiyoyin 'yan katako da rance mai sauƙi su gina ɗakunan busarwa a manyan kasuwanni irin su Na'ibawa da Rijiyar Lemo. Akwai masu aiki da zafin rana, wanda Allah ya hore mana, akwai masu ƙona dusar katako, wadda yanzu ɗawainiya ce a gare mu. Hukumar kula da ingancin kaya kuma ta tsayar da ma'auni, domin abin da ake sayarwa da sunan tu-bai-fo yau, in ka sa masa tef, sai ka rasa sunan da za ka kira shi. A haɗa da tallafin sauya injin hannu da injin tsaga mai siririn zarto, tun da haƙorin injin hannu yana mayar da kusan santimita guda dusa a kowane yanka, ninki uku ko fiye na abin da siririn zarto ke ci.

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara muku lafiya, da ku da Masu Girma Gwamnoni nake kai kokena na ƙasa. Saye daga waje numfashi ne ake sama wa daji, kuma Biyetnam ta yi amfani da nata numfashin. Tun shekarun 1990 ta rarraba wa magidanta filayen daji da takardar mallakar amfani ta shekara 50, a 1998 ta ƙaddamar da shirin dasa hekta miliyan 5, manoma suka dasa wani irin itace na Ostareliya mai saurin girma wanda ake sarewa cikin shekara 5 zuwa 7. Dajin da ya rufe kusan kashi 27 cikin 100 na ƙasar a 1990 ya kai kusan kashi 42 a 2020. Gaskiya ne dasasshen daji ba ya maye gurbin na asali, kuma ruwan saman Biyetnam ya fi namu, ba kuma za a ce a dasa itacen katako a Daura ko Gumel a jira falanki ba. Amma kudancin Kaduna da Taraba da kudancin Adamawa suna da damina mai kyau. Tik ɗin dajin Nimbia shaida ne, turaren da ke Afaka da na tsaunin Mambila shaida ne, malaina kuma duk kafinta ya san ta. Abin da ke hana manomi dasawa ba jahilci ba ne. Yana tsoron ranar da itacen ya isa sara wani ya zo da takarda ya ce filin ko itacen ba nasa ba ne, ko a nemi ya biya kuɗin izini kamar wanda ya shiga gandun gwamnati. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa amanar ƙasa a hannun gwamna, dagatai da masu unguwanni kuma su ne suka san iyakar gonar kowa. Muna roƙon a fito da takarda mai sauƙi, wadda za a samu a ƙaramar hukuma da shaidar dagaci, mai tabbatar da cewa wanda ya dasa shi ke da itacen, shi da magadansa, kuma zai sare ya sayar ba tare da an ɗauke shi ɓarawon daji ba. Kwalejojin gandun daji na Jos da Afaka su samar da irin dashe mai kyau, a fara da ƙananan hukumomi biyu ko uku a kowace jiha, a rubuta abin da aka dasa da abin da ya rayu bayan rani na farko, a buga shi tare da wancan lissafi.

In hukuma ta ga dacewar ta aiko wakili, littattafan rumfunanmu a buɗe suke. A cikinsu akwai farashin tu-bai-fo da falanki na shekaru da dama, da garin da kowane lodi ya fito, da abin da aka kashe a hanya, kuma dattawan kasuwa a shirye suke su zauna da shi ya kwafa.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku cikin biyayya,
Wani mai riƙon littafi a kasuwar 'yan katako, Kano.